Amanar da ke Gindin Dutsen Ɗuri Sina

A kudancin yankin Sinai na ƙasar Masar, cikin wani kwari da jajayen duwatsu suka yi wa ƙawanya, akwai wani gida mai doguwar katanga da Larabawa ke kira Dair Santa Katrin. Gidan ruhubanawan Kirista ne mabiya ɗariƙar Otodoks ta Girka, mutanen da suka bar aure da tara dukiya suka keɓe kansu don ibada. Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya sa aka gina shi tsakanin shekarar 548 da 565, 'yan shekaru kaɗan kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Rumawa sun shuɗe, Umayyawa da Abbasiyawa sun zo sun tafi, haka Fatimiyawa da Ayyubawa da Mamalik da Turkawan Usmaniyya. Faransawan Napoleon sun ci zamaninsu a Masar, Ingila ta ci nata, Isra'ila ta mamaye Sinai bayan yaƙin 1967 ta kuma fita. Duk cikinsu ba wanda ya rushe gidan nan, kuma har gobe kafin alfijir ya keto ruhubanawansa na tashi su yi addu'a a majami'ar da aka gina musu tun ƙarni na 6.

Ranar 28 ga Mayun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Isma'iliyya ta yanke wani hukunci da ya ta da ƙura. A taƙaice cewa ta yi ruhubanawa suna da damar amfani da gidan da wuraren ibadar da ke kewaye da shi, amma ƙasar ta gwamnati ce. Ruhubanawan suka rufe ƙofa ga masu ziyara don nuna ɓacin ransu, gwamnatin Girka ta ɗaga murya, fadar shugaban Masar kuma ta fito ta ce ba mai taɓa matsayin gidan na addini. A nan gida labarin bai yi tasiri ba, kuma ban ga laifin kowa ba, damuwar da ke gabanmu ta ishe mu. Duk da haka ina ganin maganar ta shafe mu, mu Musulmi musamman, domin gidan nan ya kusa shekara 1,400 yana zaune a ƙarƙashin amanarmu.

Lokacin da nake karatu a Alƙahira muka haɗa kuɗin mota da wasu 'yan uwa ɗalibai muka tafi can. Dutsen ne ya ja mu, wato Jabal Musa, wanda Kiristoci da Musulmin wurin suka daɗe suna riƙe da cewa a kansa Allah ya yi magana da Annabi Musa (AS). Da tsakar dare ake soma hawa, cikin wani irin sanyi mai shiga ƙashi, har a kai ƙololuwa mai tsawon mita 2,285. A can sama akwai ɗan masallaci da 'yar majami'a, taku kaɗan ne tsakaninsu. Muka yi asuba, gari ya waye, muka gangaro ta matakalar dutse 3,750 da ruhubanawa suka jera da hannunsu, wadda suke kira matakalar tuba. Gwiwoyi na karkarwa muka hango gidan daga sama, ɗan ƙarami a gindin duwatsu, ga lambunsa na zaitun kore shar a gefe. Da muka shiga ta wata ƙunƙuntar ƙofa, abin da ya fara tsayar da ni shi ne hasumiya biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta ƙararrawar majami'a, ɗaya fara ta masallaci.

Masallacin nan tun zamanin Fatimiyawa yake. Mumbarinsa na katako yana ɗauke da shekarar 500 bayan hijira, wadda ta yi daidai da 1106, da sunan halifa Al-Amir bi Ahkamillah da wazirinsa Al-Afdal. Masu salla a cikinsa tun asali su ne Jabaliyawa, ƙabilar Larabawan duwatsun nan. Sa'id ibn Baɗriƙ, wani babban limamin Kirista na Iskandariyya da ya rubuta tarihi da Larabci a ƙarni na 10, ya ce Jastiniyan ya turo iyalai wajen 200 daga ƙasar Rum da Masar don su tsare gidan su yi masa hidima. Zuriyarsu suka musulunta daga baya, ba su kuwa bar aikin ba. Su ne masu lambu, masu tuƙa raƙuma, masu girki, masu nuna hanya. Saurayin da ya hau da mu dutse ɗan ƙabilar ne. Da na tambaye shi yadda suke zama da mutanen gidan, sai ya ce mini, "Ya Shaikh, kakana da burodin Abuna ya girma." Abuna suke kiran kowane rahibi, kuma tsohuwar al'ada ce gidan ya riƙa raba wa maƙwabtansa burodi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zaman lafiya ne zalla tun daga farko har ƙarshe. A jikin katangar arewa, can sama, har yanzu akwai wani ɗan ɗakin katako da ke leƙo waje. Ƙarnuka da dama babbar ƙofa a toshe take saboda tsoron mahara, baƙo da kayan abinci sai dai a jawo su ta nan da igiya. Akwai lokutan da matsi ya yi yawa har ruhubanawa suka kulle gidan na ɗan lokaci suka koma wasu rassansu. A farkon ƙarni na 11 halifa Al-Hakim ya sa an rushe majami'u, har da babbar majami'ar Ƙudus a 1009, gidan Sinai dai ya tsira. A taskar gidan akwai takardun umarni na sarakunan Musulmi sama da 1,700 da Larabci da Turkanci, tun daga Fatimiyawa har Usmaniyawa, kuma da yawansu abu ɗaya suke maimaitawa ga gwamnoni da masu karɓar haraji da shugabannin ƙabilu, cewa a ƙyale mutanen nan da gonakinsu. Ruwa ba ya tsami banza, da ba a takura musu da ba a yi ta sabunta umarnin ba. Abin lura shi ne duk sa'ad da suka kai kuka fada, sarki bayan sarki yana tsayawa a gefensu.

A ina sarakunan suka samo wannan? Ruhubanawa za su nuna maka wata takarda da ake kira Ashtinama ko Al-Uhda an-Nabawiyya, mai hoton tafin hannu a jikinta. Sun ce alƙawari ne da Manzon Allah (SAW) ya ba su, Sayyidina Ali (RA) ya rubuta, kuma Sarkin Usmaniyya Salim na ɗaya ya tafi da ta asali Istanbul a 1517 ya bar musu kofe. A cikinta an hana a tumɓuke limamin Kirista daga kujerarsa ko a fitar da rahibi daga ɗakinsa, an hana rushe majami'a ko kwasar kayanta don gina masallaci, an ɗauke wa ruhubanawa haraji. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ingancinta. Wasu sun ce daga baya aka rubuta ta, wasu sun kare ta, kuma ba ta zo da isnadi a manyan littattafan hadisi ba. Ni ba na jingina hujjata da ita, domin muna da abin da ya fi ta ƙarfi a cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Duk wanda ya sauke Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya wuce ta kan wasiyyar da Sayyidina Abubakar (RA) ya yi wa Yazid ibn Abi Sufyan da zai tura shi Sham da runduna. Cikin abin da ya fara gaya masa har da cewa zai tarar da mutanen da suka ce sun tsare kansu don Allah, to ya bar su da abin da suka tsare kansu dominsa. A Suratul Hajji kuma, aya ta 40, inda aka lissafa wuraren ibadar da za a rushe ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba, ɗakunan ruhubanawa ne aka fara ambata. Saboda haka sarkin da ya sa hannu a takardar kare gidan Sinai umarnin addininsa ya bi.

Majami'ar da ke tsakiyar gidan ita ce dai wadda aka gina tun farko. A jikin azarar rufinta an sassaƙa sunan Jastiniyan da na matarsa Tiyodora, wadda ta rasu a 548, da na maginin, Istifanus mutumin Aila, garin da ake kira Aƙaba a yau. A saman mihrabinta akwai wani zane da aka haɗa da dubban ƙananan gutsattsarin gilashi da dutse da ruwan zinariya, shi ma na ƙarni na 6, kuma a samansa an nuna Annabi Musa sau biyu, yana cire takalmi a gaban bishiyar da ke ci da wuta, yana kuma karɓar alluna. Ƙwararru daga Italiya sun shafe shekaru suna gyaransa daga 2005, kuma cikin waɗanda suka ba da kuɗin aikin har da Sarkin Katar na lokacin, Shaikh Hamad bin Khalifa. Bayan mihrabin akwai wani ɗan ɗakin ibada da suka ce a nan bishiyar take, kuma duk wanda aka ba izinin shiga sai ya tuɓe takalmi. Mai karanta Suratu Ɗaha ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili.

Gidan na da hotunan ibada da aka zana a kan katako sama da 2,000. Aƙidata ba ta yarda a zana annabi ba, kuma ziyarar ba ta sauya wannan ba. Amma na tsaya a gaban mafi shaharar cikinsu na dube shi da kyau, domin in san abin da mutanen nan suka tsare. Katako ne da tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, an zana wanda suke cewa Almasihu ne, hannun dama a ɗage, na hagu riƙe da wani littafi mai kauri da aka yi wa ado da duwatsu. Mai zanen ya narka kakin zuma ne ya gauraya da launi ya shafa tun da zafinsa, salon da Misrawan dā ke zana fuskokin mamatansu da shi, shi ya sa bayan shekara kusan 1,500 launin fatar bai dushe ba. In ka rufe rabin fuskar da tafin hannunka za ka ga ɗaya rabin a sake, ido a kwance. In ka sauya hannu sai ka ga gira a ɗage, ido ya fi girma, fuskar ta ɗaure. Malamansu suna fassara wannan bisa aƙidarsu, wasu kuma su ce rahama ce da hukunci a fuska ɗaya.

Irin waɗannan zane-zane na ƙarni na 6 da na 7 kaɗan ne ƙwarai suka saura a duniya, kuma mafi yawansu daga wannan gida suke. Dalili shi ne daga wajen shekarar 726 zuwa 843, in ban da wani ɗan tsaiko a tsakani, sarakunan Rumawa da kansu suka haramta hotunan ibada, aka yi ta farfasa su ana shafe su a daularsu. A lokacin Sinai ta riga ta fita daga hannunsu tun da Amru ibn al-As ya buɗe Masar wajen 640. Dokar sarkin Kustantiniyya ba ta isa kwarin nan ba, halifofi kuma ba su aiko a ƙone su ba. Ɗalibin tarihin zane a Turai ko Amurka da yake son ganin yadda Kiristocin farko ke zana abin ibadarsu, dole ya nemi abin da ya tsira a ƙasar Musulmi.

Taskar littattafan ce ta fi komai girma a idona. Tana da littattafan rubutun hannu kusan 3,300, kuma a irin wannan tari na Kirista ta Batikan ce kawai ake sa wa a gabanta. Kashi biyu cikin uku da Girkanci suke, sauran da Larabci da Suryananci da Jojiyanci da harshen Silabawa da wasunsu, shaidar cewa mutane daga ƙasashe da yawa sun zauna a gidan. Na Larabci kaɗai sun haura 600. Akwai ɗaya a cikinsu, fassarar wasiƙun Bulus da wani malami mai suna Bishr ibn as-Sirri ya yi a Dimashƙa, wanda a ƙarshensa aka rubuta cewa an kammala shi a watan Ramadan na shekarar 253, wato 867. Kirista ne ya rubuta littafin addininsa da harshen Alƙur'ani, ya kuma sa masa kwanan wata da kalandar hijira, a zamanin da Imamu Bukhari ke raye. Mai nazarin yadda rubutun Larabci da nahawunsa suka bunƙasa a bakin talakawan Sham da Masar yana samun abin da ba zai samu a wani wuri ba a cikin waɗannan kundaye.

A nan ne kuma aka yi wa gidan asarar da ta fi yi masa ciwo, kuma ba mahara ne suka yi ta ba. A 1844 wani masanin Baibul Bajamushe, Konstantin Tishendof, ya zo ziyara ya tafi da ganye 43 na wani tsohon kundin fata zuwa birnin Laifzig. Ya ce a kwandon shara ya tsince su ana shirin hura wuta da su, maganar da ruhubanawa suka ƙaryata tun a wancan lokaci har yau. Ya komo a 1859 da goyon bayan Sarkin Rasha, aka nuna masa ragowar kundin, ganye 347. Wannan shi ne littafin da duniya ta sani da Kodes Sinaitikus, an rubuta shi da Girkanci a tsakiyar ƙarni na 4, layi huɗu a tsaye a mafi yawan shafukansa, kuma shi ne cikakken Sabon Alƙawari mafi tsufa da ake da shi. Tishendof ya karɓe shi aro, ya rubuta takarda da hannunsa cewa zai mayar da shi duk lokacin da aka nema. Takardar tana nan a gidan, ana nuna wa baƙi. Littafin ya tafi Rasha. Bayan shekara 10, wato a 1869, a lokacin da gidan ke cikin rikicin naɗin shugaba yana kuma buƙatar goyon bayan Rasha, aka sa hannu a takardar kyauta, aka ba da rubul 9,000. A 1933 gwamnatin Sobiyet da ke neman kuɗin waje ta sayar wa Ingila shi a kan fam 100,000, kuma talakawan Ingila ne suka tara kaso mai yawa na kuɗin ta hanyar karo-karo. Yau kundin a rarrabe yake wuri huɗu, mafi yawa a Landan, wasu a Laifzig, gutsattsari a San Fitasbag, kaɗan a Sinai. Lauyoyi na iya kafa hujja da takardar 1869. Ni dai abin da na sani a tarbiyyarmu shi ne abin aro mayar da shi ake yi, kuma kyautar da aka karɓa daga hannun wanda ke cikin matsi tana da tambaya a kanta. Wani babban limamin Rasha ma, Forfiri Usfenski, ya kwashi huɗu daga cikin tsofaffin zanen kakin zuma a tsakiyar ƙarni na 19, suka ƙare a Kiyeb, har yaƙin Yukiren ya sa aka garzaya da su Faris a 2023 don kada bam ya same su.

Akwai wata hanyar kuwa, kuma an bi ta. A 1892 wasu tagwayen mata 'yan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka ratsa hamada a kan raƙuma suka iso gidan. Sun iya Girkancin zamani, suka yi hira da ruhubanawa da harshensu, aka amince da su aka buɗe musu wani ɗaki mai duhu. A nan Agnes ta ga wani littafin tarihin waliyyai mata wanda a ƙarƙashin rubutunsa wani rubutu ke leƙowa. Ashe Linjila ce da Suryananci, ɗaya daga cikin mafi tsufa a duniya. Suka ɗauki hoton shafukan, suka komo da wasu masana aka kwafe shi, suka tsara wa gidan jerin sunayen littattafansa na Larabci da Suryananci, suka bar littafin inda suka same shi. Ilimi bai ragu da komai ba don an bar shi a wurin masu shi. Haka aka yi a 1950 da wata tawaga da ta haɗa Amurkawa da masanin Masar Aziz Suryal Atiya ta ɗauki hoton kundaye kusan 1,700 ta tafi da hotunan kaɗai.

Wannan rubutu a kan rubutu yana buƙatar ɗan bayani. Kafin takarda ta yawaita a kan fatar maraƙi ko ta tunkiya ake rubutu, kuma tana da tsada, domin kundi irin Sinaitikus ya ci fatun dabbobi sama da 300. A tsakiyar hamada, in rahibi na buƙatar sabon littafin addu'a, sai ya ɗauko tsohon da ba a karantawa, ya kankare shi ya sake rubutu. Kamar dai almajiri ne da ya wanke allonsa ya rubuta sabon karatu, in ka karkata allon a rana za ka ga inuwar na jiya. A gidan akwai irin waɗannan kundaye sama da 160. Daga 2011 zuwa 2016 wata tawagar masana ta ɗauki hoton 74 daga cikinsu, shafi wajen 6,800, da na'urar da ke haska kowane shafi da launukan haske daban-daban, har waɗanda ido ba ya gani, sannan kwamfuta ta fito da tawadar da aka goge. Aka sami rubuce-rubucen likitancin Girkawan dā, da matanin wani reshen harshen Aramiyanci da Kiristocin Falasɗinu suka yi amfani da shi kafin Larabci ya maye gurbinsa.

Wani abin ya fi wannan ban mamaki. A watan Mayun 1975 ana share wani ɗaki a jikin katangar arewa bayan wata gobara, sai aka tarar da kundaye sama da 1,000 da dubban gutsattsari da rufi ya danne aka manta da su. Cikinsu har da wasu ganyen Sinaitikus da Tishendof bai gani ba. Cikinsu kuma akwai kundaye biyu na Jojiyanci da masanin ƙasar Jojiya Zaza Aleksidze ya gano a shekarun 1990 cewa rubutun da ke ƙarƙashinsu na harshen Albaniyawan Kokeshiya ne, wata al'umma da ta zauna a inda Azarbaijan take a yau. Kafin nan abin da aka sani na rubutun harshen bai wuce jerin haruffa da 'yan kalmomi a kan duwatsu ba. Harshe guda ya dawo duniyar ilimi saboda wani rahibi bai jefar da tsohuwar fata ba.

Ana cewa busasshiyar iskar wurin da nisansa daga gari ne suka adana littattafan, kuma gaskiya ne sun taimaka. Amma hamadar Masar da Sham cike take da kufan gidajen ruhubanawa masu irin wannan iska, littattafansu sun watse ko sun ruɓe tun da mutanensu suka tashi. Abin da ya bambanta Sinai shi ne ba a rasa wanda zai buɗe littafi ya yi ibada da shi, ya ɗinke wanda ya yage, ya kwafe wanda ya tsufa, ya ƙi sayar wa ɗan kasuwa. Mun ga irin wannan a Timbuktu a 2012 da 2013, inda iyalan da suka gaji kundaye suka yi kasadar rayukansu suka fitar da su a ɓoye zuwa Bamako, yayin da masu bindiga suka ƙone wasu a Cibiyar Ahmad Baba. Ruhubanawan Sinai yanzu kimanin ashirin ne kawai. Su suka tsaya aka gyara ɗakin littattafan aka sake buɗe shi a Disambar 2017, kuma mai kula da shi, Fada Jastin, ɗan asalin Teksas ta Amurka, ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton kundaye shafi-shafi don kowa ya iya karantawa a intanet.

Gwamnatin Masar tana da nata hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Dokar ƙasar ta ɗora wa hukuma alhakin kayan tarihi. Jami'anta ne ke gadin hanyar, kuma a Afrilun 2017 'yan ta'adda sun kai hari wani shingen bincike kusa da gidan suka kashe ɗan sanda. Ƙasar na buƙatar kuɗin masu yawon buɗe ido, matasan Sinai na buƙatar aiki. Da wannan niyya aka ƙaddamar da shirin da ake kira At-Tajalli al-A'azam, ana gina otal-otal da gidajen shaƙatawa da kasuwanni da manyan tituna, har a filin Raha da ke fuskantar gidan, inda al'ada ta ce Banu Isra'ila sun yi zango. Hukumar UNESCO, wadda ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya tun 2002, ta nemi a 2023 a dakatar da sabbin gine-gine har a auna illarsu. BBC ta ba da rahoto a 2025 cewa an tilasta wa Jabaliyawa tone gawarwakin 'yan uwansu daga maƙabarta don a yi wurin ajiye motoci. Waɗannan fa Musulmi ne, kuma su ne mutanen da suka tsare wurin tun kafin a san wata ma'aikatar yawon buɗe ido.

A cikin wannan yanayi ne hukuncin kotu ya zo, shi ya sa alƙawarin baki bai kwantar wa kowa da hankali ba. Mafi yawan ruhubanawan ba 'yan Masar ba ne, zamansu ya rataya a kan takardar izini. In aka ce ƙasar da suke kai da lambunan da ke ciyar da su ma izini ne, to duk jami'in da ya zo gobe da wani sabon shiri yana iya matsa su ba tare da ya karya doka ba. Ba sai an kore su ba. Ya isa a rage gonaki, a ƙuntata shigowar sabbin ruhubanawa, a ƙara yawan motocin baƙi, cikin shekara talatin gidan ya zama wurin sayar da tikiti. Abin da Al-Hakim bai yi ba da takobi, bai dace a ce takardar kotu da siminti sun yi shi a zamaninmu ba. Gyaran kuwa ba mai wuya ba ne: a tabbatar wa gidan mallakar abin da ya riƙe tun kafin a kafa ƙasar Masar ta zamani, a rubuce cikin doka, a tsayar da gini a filin Raha, a kuma sa Jabaliyawa cikin masu yanke shawara a kan ƙasarsu.

Muna ɗaga murya idan aka taɓa Masallacin Ƙudus, mun yi baƙin ciki da aka rushe Masallacin Babri a Indiya a 1992, kuma daidai muka yi. Muryarmu za ta fi nauyi a kunnen duniya idan aka ji ta a nan ma, inda mu ne masu rinjaye kuma wani ne mai rauni. Shaihul Azhar Ahmad aɗ-Ɗayyib ya sa hannu a takardar 'yan uwantakar ɗan Adam tare da Fafaroma Faransis a Abu Dhabi a 2019, ga wurin aiki da ita a cikin ƙasarsa. Muna da malamai masu yawa a Kano da Sakkwato da Damagaram da suka sha karatu a Azhar, suna da abokai da malamai a can, ana kuma jin maganarsu. Ina roƙonsu su rubuta wa Azhar da ofishin jakadancin Masar da ke Abuja da Yamai, su tuna musu wasiyyar Sayyidina Abubakar. Ɗalibanmu da ke Alƙahira kuma, kafin ku dawo gida ku tara kuɗin mota ku je ku gani da idonku.